Shekara Biyar Kafin Harafi Biyar

Ƙannena masu aikin kwamfuta, maza da mata, akwai wata takardar shaidar ƙwarewa da nake so ku san da zamanta tun yanzu, amma ba na so ku yi gaggawar nemanta. Sunanta CGEIT. Kukan ga waɗannan haruffa a bayan sunan wasu manyan jami'an fasaha na bankuna da kamfanonin waya da hukumomin gwamnati, sai zuciya ta raya muku cewa su ne suka ɗora mutum a kan kujerar. Galibi hanyar da mutum ya biyo zuwa kujerar ce ta ba shi haruffan. Sharaɗin takardar ma da kansa ya faɗi haka: sai wanda ya yi aƙalla shekara biyar yana ba da shawara, ko yana sa ido, ko yana tallafa wa yadda ma'aikata ke jagorancin fasaharta. Digiri ba ya rage ko wata guda daga cikin shekarun nan, alhali a 'yar'uwarta CISA karatun jami'a yakan rage wa mutum wani abu. Kana iya biyan kuɗi ka zauna jarrabawar gobe, ka kuma ci, amma takardar ba za ta fito ba sai wanda ya san aikinka ya sa hannu cewa lallai ka ɗauki wannan nauyi.

Ƙungiyar ISACA ce ke bayar da ita. Asalinta wasu masu binciken lissafin kamfanoni ne a Los Anjalas ta Amurka, waɗanda suka ga littattafan kuɗi suna ƙaura zuwa cikin kwamfuta, suka yi wa ƙungiyarsu rajista a 1969. A 1978 suka fito da CISA ta masu binciken tsarin kwamfuta, a 2002 suka fito da CISM ta shugabannin tsaron bayanai. CGEIT sai a 2007 ta zo, kuma ruwa ba ya tsami banza. Kamfanin Enron ya durƙushe a 2001, WorldCom ya bi bayansa a 2002, dukiyar jama'a ta salwanta saboda lissafin ƙarya. Majalisar Amurka ta yi dokar Sarbanes-Oxley a 2002, wadda ta tilasta wa shugaban kamfani da babban jami'in kuɗinsa su sa hannu da kansu cewa lissafin gaskiya ne, matakan kariyar cikin gida kuma suna aiki. To lissafin yana ina? Yana cikin kwamfuta. Daga nan daraktocin da a da suke ɗaukar kwamfuta a matsayin harkar yaran ƙasan bene suka gane cewa wuyansu na rataye da ita. Afirka ta Kudu ta bi da nata salon: rahoton kwamitin alƙali Mervyn King na uku, wanda ya fito a 2009, ya ware babi guda a kan jagorancin fasahar sadarwa, ya ce nauyin yana kan hukumar daraktoci.

Abin da takardar ke aunawa ya sha bamban da abin da kuka saba. Ba za a tambaye ka yadda ake saita na'urar rarraba intanet ba, ko yadda ake rubuta manhaja. Ku ɗauki tirelar da ke jigilar kaya daga Kano zuwa Legas. Direba ya san hanya, makanike ya san inji, kuma idan babu su mota ba za ta motsa ba. Amma akwai wanda ke yanke shawarar wane kaya za a ɗauka, ko za a yi tafiyar dare, ko a sayi sabuwar taya yau ko a jira, kuma shi masu kaya za su riƙe idan mota ta kife. Aikin wannan mutumin ake nufi da jagoranci, aikin direba da makanike kuwa gudanarwa ne. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO/IEC 38500, wanda ya fito a 2008 bisa tushen wani ma'aunin ƙasar Ostiraliya na 2005, ya taƙaita aikin masu jagoranci a abu uku: su auna, su ba da umarni, su bi sawu. Tsarin COBIT na ISACA, wanda aka fara wallafawa a 1996, aka sabunta shi a 2012 da kuma ƙarshen 2018, shi ma ya raba wannan aiki da na masu gudanarwa rabuwa bayyananniya. Malamai biyu na jami'ar MIT, Peter Weill da Jeanne Ross, sun rubuta littafi a 2004 inda suka nuna cewa gundarin al'amarin tambaya biyu ce: wa ke da ikon yanke wane hukunci, kuma wa zai amsa tambaya a kansa. Duk sauran jadawali da zane-zanen da za ku gani a littattafan shirin jarrabawa, hidima suke yi wa waɗannan tambayoyi biyu.

Bari in ba ku labarin bankin TSB na Birtaniya, domin a cikinsa ne na fi ganin abin da kujerar da kuke hange ta ƙunsa. Bankin Sabadell na Sifaniya ya sayi TSB a 2015. TSB yana hayar tsarin kwamfutar tsohon ubangidansa, bankin Lloyds, sai aka yanke shawarar gina sabon tsari a kwashe bayanan abokan hulɗa sama da miliyan 5 zuwa can. Wani reshen Sabadell mai suna SABIS aka ba aikin. Aka yi ƙaurar a ƙarshen mako guda, cikin watan Afrilun 2018. Bayanan sun isa, amma tsarin ya kasa ɗaukar jama'a. Mutane kusan miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, wasu suka buɗe waya suka ga asusun wani, 'yan damfara suka samu ƙofa, layukan wayar banki suka cushe. Al'amura ba su daidaita ba sai a watan Disamba. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a watan Satumba. Binciken da kamfanin lauyoyi na Slaughter and May ya yi, wanda aka fitar a 2019, ya gano cewa cibiyoyin ajiyar bayanai biyu aka gina, amma wani muhimmin gwajin ɗaukar nauyi a guda ɗaya kawai aka yi shi, ashe kuma saitin biyun bai zo ɗaya ba. A Disambar 2022 hukumomin da ke sa ido a kan bankuna suka ci TSB tarar fam miliyan 48.65.

Ga wurin da nake so ku tsaya. A Afrilun 2023 hukumar da ke ƙarƙashin babban bankin Ingila ta ci tsohon babban jami'in fasahar bankin, Carlos Abarca, tarar fam 81,620, shi a karan kansa. Ba a ce ya saci ko kwabo ba. Ba a ce shi ya rubuta manhajar da ta lalace ba. Laifinsa shi ne ya ba hukumar daraktoci tabbacin cewa ɗan kwangila ya shirya, ba tare da ya bi diddigin tabbacin da shi ɗan kwangilar ya ba shi ba, musamman game da ƙananan 'yan kwangilar da ke ƙarƙashinsa. An ce masa an shirya, shi ma ya juya ya ce an shirya. Daraktoci suka dogara da maganarsa suka ba da izini. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Duk ranar da kuka zama masu faɗa wa hukuma “an shirya”, ku sani kalmar nan tana da farashi, kuma dole ku iya nuna a kan me kuka dogara kafin ku furta ta.

Na TSB asarar dukiya ce da wahalar 'yan watanni. Na gidan wayar Birtaniya ya fi shi ciwo nesa ba kusa ba, kuma duk lokacin da na tuna shi sai raina ya ɓaci. A 1999 aka fara girka wani tsarin lissafi mai suna Horizon, na kamfanin Fujitsu, a rassan gidan waya. Yawancin rassan nan ƙananan shaguna ne na unguwa da ƙauye, mai shago ya karɓi wakilci yana biyan tsofaffi fansho, yana sayar da kan sarki. Yarjejeniyar ta ce duk giɓin da aka gani a lissafi, wakili ne zai cike daga aljihunsa. Sai kwamfuta ta fara nuna giɓin da babu shi. Mutum ya rufe shago da daddare ya ƙirga kuɗi, ya sake ƙirgawa, allon ya ce dubbai sun ɓace. Ya kira layin taimako a ce masa shi kaɗai ne ke da wannan matsala. Wasu suka sayar da gida suka biya, wasu suka ci bashi. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da mutum sama da 900, akasari gidan wayar da kansa ne ya shigar da ƙarar. An ɗaure da dama, har da mace mai juna biyu. Aure ya mutu, mutunci ya zube a idon maƙwabta, wasu suka kashe kansu.

Alamu kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Mujallar Computer Weekly ta buga labarin tun 2009. An ɗauko masu bincike na waje, kamfanin Second Sight, a 2012, da suka fara tono abin da ba a so sai aka sallame su a 2015. An yi shekaru ana musun cewa ma'aikatan Fujitsu na iya shiga lissafin reshe daga nesa su canza shi, alhali suna iyawa. Sai da wani tsohon wakili, Alan Bates, ya haɗa kan mutum 555 suka kai ƙara, a 2019 alƙali Fraser ya tabbatar da cewa tsarin na da kurakurai masu iya haifar da giɓin ƙarya. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mutum 39, a 2024 majalisa ta yi doka ta soke yawancin sauran hukunce-hukuncen a dunƙule. Kowace manhaja a duniya tana da kuskure, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ya mayar da kuskure zalunci shi ne tsawon shekarun da aka yi babu wanda ke da iko kuma ya ga wajibinsa ne ya tsaya ya ce: ta yaya ɗaruruwan mutanen da muka tantance da kanmu za su zama ɓarayi lokaci guda, daidai da zuwan sabuwar na'ura? Ku tuna da mai POS na bakin kasuwarku, da malamin firamaren da sunansa ya ɓace daga jerin albashi, da tsohuwar da na'ura ta ƙi karɓar yatsanta. Idan kwamfuta ta ce sun yi ƙarya, wa zai saurare su? Wanda zai gina hanyar sauraren nan a cikin ma'aikata, tun kafin a buƙace ta, shi ne mutumin da wannan takarda ke ƙoƙarin tantancewa.

A gida ma zancen ya daina zama na sha'awa. Babban Bankin Najeriya ya fitar da tsarin tsaron intanet ga bankuna a 2018, ya fara aiki a farkon 2019, ya ɗora alhakin a kan hukumar daraktoci, ya kuma wajabta naɗa babban jami'in tsaron bayanai. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba da sa'o'i 72 a sanar da hukuma idan an yi kutse mai haɗari ga mutane, kuma tarar manyan masu riƙe bayanai na iya kaiwa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, ko naira miliyan 10, duk wanda ya fi yawa. Hukumar NITDA tana tantance ayyukan fasaha na ma'aikatun tarayya kafin a kashe kuɗi. Kun kuma ga abin da ya faru a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira, da jama'a suka koma tura kuɗi ta waya tsarin bankuna ya riƙa shaƙewa. Kun ga na 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, harkoki suka tsaya a Najeriya da Gana da maƙwabtansu. A ranar, ma'aikatar da ta ci gaba da aiki ita ce wadda wani ya taɓa zama a taro ya tambaya ko layukanta biyu ba ta igiya ɗaya suke bi ba, ya kuma samo kuɗin na uku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai mu muna da wata wahala tamu da littattafan ISACA ba su yi bayaninta ba. Na taɓa zama a taron kwamitin wata hukuma da ba zan kama sunanta ba. Shugaba yana can kan tebur, ga robobin ruwa da faranti na gyaɗa, an shafe awanni a kan batun motoci da alawus. Shugaban sashen kwamfuta yana zaune kusa da ƙofa da kwamfutarsa a cinya, an sa batunsa a ƙarshen ajanda. Da aka zo kansa la'asar ta gabato, mutane sun fara tattara takardu. Ya haska allo cike da lambobi da sunayen na'urori. Shugaba ya duba agogo ya ce, “Injiniya, a taƙaice dai, komai lafiya?” Ya ce, “Lafiya lau, ranka ya daɗe.” Aka ce madalla, aka shafa fatiha. Alhali shi injiniyan ya sani, wasunmu ma sun sani, an daɗe ba a gwada dawo da bayanai daga ajiyar ko-ta-kwana ba, kuma babban mabuɗin manhajar albashi yana hannun ɗan kwangilar da wa'adinsa ya ƙare, ana kuma riƙe masa kuɗi.

Mutumin nan ba maƙaryaci ba ne. Tarbiyya ce irin tamu: ba a kawo wa babba mummunan labari a gaban jama'a, ba a tsayar da mutane sallah na jira, kuma wanda ya ce akwai matsala kamar ya kai ƙarar kansa ne. Ina girmama kunya da kawaici, ba kuma zan ce ku yar da su ba. Amma albashin dubban mutane amana ne, kuma akwai hanyar faɗin gaskiya cikin ladabi. Da ya samu shugaba tun kafin ranar taro, ya miƙa masa shafi ɗaya. A taron kuma ya ce, “Ranka ya daɗe, yawancin abubuwa lafiya, sai guda ɗaya da ke buƙatar hukuncinku. Idan kwamfutar albashi ta mutu yau, ba ni da tabbacin za mu biya ma'aikata a ƙarshen wata. Gyaran zai ci kaza, zai ɗauki mako kaza. Idan kuma an ga a dakata, ina roƙon a rubuta cewa kwamiti ya san da haɗarin.” Babu rashin kunya a ciki. Ya mayar da hukunci hannun masu shi, ya yi maganar da harshen da suke ji, wato albashi da kuɗi da lokaci, ya kuma bar shaida a rubuce. Wanda ya iya wannan ya riga ya fahimci rabin abin da za a tambaye shi a jarrabawa.

Ita jarrabawar tambaya 150 ce ta zaɓi, cikin awa huɗu. Makin yana tafiya daga 200 zuwa 800, ana ci da 450. Tun sabuntawar 2020 fannoni huɗu ne: tsarin jagorancin kansa yana da kashi 40, albarkatun fasaha kashi 15, tabbatar da cin moriya kashi 26, daidaita haɗari kashi 19. Wahalarta ba a haddar ma'anoni take ba. Za a ba ka labarin kamfani, a jero amsoshi huɗu da kowacce ke da ƙamshin gaskiya, a ce wanne ya fi dacewa, ko wanne za a fara yi. Ƙwararren injiniya yakan faɗi a nan, saboda hannunsa ya saba da gyara: da ya ga matsala sai ya zaɓi amsar da ta ce a sayo na'ura ko a toshe ɓaraka. Jarrabawar kuwa so take ka fara tambayar me ma'aikatar ke son cimmawa, wa ya mallaki wannan haɗarin, wane kwamiti ya kamata ya sani. Irin wannan tunani ba ya samuwa a darasin mako biyu. Zama a ɗakin da ake yanke hukunci ne ke koyar da shi.

Ina so ku lura da kashi 26 ɗin nan na cin moriya, domin nan ne rauninmu ya fi yawa. Mun iya ƙaddamarwa. A kafa rumfa, a gayyato babban baƙo, a yanke kyalle, a ɗauki hoto. Bayan shekara ka koma ka tarar da kwamfutocin an lulluɓe su da leda, ma'aikata sun koma fayil ɗin takarda, lasisin manhaja ya ƙare ba a sa kuɗin sabuntawa a kasafi ba, batiran sola sun mutu. Ba wanda za a tuhuma, domin tun farko ba a rubuta sunan wanda moriyar ke wuyansa ba. Ƙa'idar da ake koyarwa mai sauƙi ce a baki. Kafin a kashe sisi, a rubuta hujjar aikin: me zai canza, da me za a auna, nawa zai ci har ƙarshen rayuwarsa, ba kuɗin saye kaɗai ba. A ba wani shugaban sashe, wanda ba na kwamfuta ba, alhakin moriyar. Idan manhajar asibiti ce, shugaban likitoci ne zai amsa ko layin marasa lafiya ya ragu. Sannan a sa ranar da za a dawo a duba. Idan aka ga aiki ba zai haifar da ɗa mai ido ba, a tsayar da shi ko an kashe rabin kuɗin. Wannan na ƙarshen shi ne mafi wuya, domin akwai wanda sunansa ke jikin aikin, wani lokaci ma akwai wanda ya ci wani abu a ciki. Ranar da za ku ba da shawarar a dakatar da aikin da wani babba ke ƙauna, ranar za ku san ko kun shirya wa kujerar.

To me za ku yi da shekarun da ke tsakaninku da takardar? Ku fara da ƙware aikin hannunku, domin wanda bai taɓa kwana a ɗakin saba yana fama da tsarin da ya faɗi ba, ɗan kwangila zai yi wasa da hankalinsa cikin sauƙi. Bayan haka ku matsa kusa da inda ake shawara. Idan ana neman wanda zai rubuta bayanin taron kwamitin fasaha, aikin da kowa ke gudu, ku ɗaga hannu. A can za ku ji yadda ake jayayya a kan kuɗi, ku ga wanda maganarsa ke da nauyi da dalilin haka. Idan masu odit suka zo, kada ku ɗauke su abokan gaba kuna ɓoye musu fayil. Ku zauna da su, ku tambaye su me ya sa suke neman abin da suke nema. Ku yi abota da mutanen sashen kuɗi har ku iya karanta kasafi, ku bambance kuɗin saye da kuɗin ɗawainiya. Ku karanta yarjejeniyar 'yan kwangila da kanku, musamman wurin da ya faɗi wa ya mallaki bayanai, da yadda za a rabu idan zama ya ƙi. Ku koyi rubuta shafi ɗaya da darakta zai karanta a mota ya gane. Ƙannena mata, ku musamman, kada ku yarda a mayar da ku masu rubuta bayanin taro har abada. Ku karɓe shi a matsayin ƙofa, bayan wani lokaci ku nemi a ba ku batu ku gabatar da bakinku.

A kan hanya akwai takardun da suka fi dacewa da matakinku. Mai son bincike ya nemi CISA, mai son tsaro ya bi hanyar CISM, mai son harkar haɗari akwai CRISC da ta fito a 2010. Akwai kuma ƙaramar jarrabawar share fage ta COBIT wadda ba ta buƙatar shekarun aiki, ita ce za ta ba ku harshen fannin. ISACA tana da rassa a Legas da Abuja da Akara, kuma ɗalibai na shiga da rangwame. Zama cikin waɗanda suka riga ku yana da amfanin da littafi ba ya bayarwa. A Najeriya kada ku ɗauka takardar waje ta ɗauke muku rajista da CPN, majalisar da dokar 1993 ta kafa don masu sana'ar kwamfuta. Kowacce da gurbinta.

Batun kuɗi ba ƙarami ba ne. Kuɗin jarrabawar ɗaruruwan daloli ne, ga littattafai, ga kuɗin neman takardar, ga na sabuntawa duk shekara, kuma kun san yadda dala take da naira. Bayan an samu, dole a riƙa ƙaro ilimi na aƙalla awa 20 a shekara, awa 120 a cikin shekara uku, in ba haka ba a janye ta. Saboda haka kada wani ya ci bashi ko ya taɓa jarin mahaifiyarsa don takardar da ba zai iya amfani da ita ba tukuna. Idan lokaci ya yi, ku fara neman ma'aikatarku ta biya, domin ita za ta fi cin moriya. Masu tallar tambayoyin sata a Telegram da WhatsApp kuwa, waɗanda ke rantsuwa cewa su ne ainihin na jarrabawa, ku nisance su. ISACA na iya soke sakamako ta kuma hana mutum sake zama. Ko ba a kama ku ba, ku duba abin da kuka aikata: kun shiga sana'ar da jarinta kaf shi ne a yarda da maganarku, ta ƙofar ha'inci.

Ba kowa ne ma yake buƙatarta ba, kuma wannan ba gazawa ba ce. Akwai wanda Allah ya ba shi basirar gina tsari, farin cikinsa yana cikin rubuta manhaja, zaman taro kuwa azaba ne a gare shi. Irin wannan ya zurfafa a fanninsa, ƙasa na matuƙar buƙatarsa, kuma yana iya fin darakta albashi. Haka nan takardar ba ta sa mutum gaskiya. Tana shaida cewa ya san tambayoyin da ya kamata a yi, ya kuma rattaba hannu a kan ƙa'idojin ɗa'a na ƙungiyar. Ko zai yi tambayoyin a ranar da yin su zai ɓata wa mai gidansa rai, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa ne da tarbiyyar da ya taso da ita.

Wanda ya ga hanyar tasa ce, ga abin da zai fara tun wannan makon. Ya buɗe littafi ko fayil, ya riƙa rubuta duk aikin da ya shafi jagoranci da ya sa hannu a ciki: kwanan wata, sunan kwamiti, rawar da ya taka, da wanda ya shugabance shi. Ranar cike fom za a nemi aƙalla shekara guda a fannin farko, wato kafa tsarin jagoranci ko kula da shi, da gogewa a biyu ko fiye daga sauran fannonin, duk a cikin shekara goman da suka gabaci neman. Shugabanni suna ritaya, suna canza wurin aiki, wasu suna rasuwa, don haka a riƙe zumunci da waɗanda za su iya shaidar aikin. Wanda ya ci jarrabawa yana da shekara biyar ya nemi takardar kafin sakamakon ya tashi a banza, saboda haka lokacin da ya fi dacewa a zauna ta shi ne bayan an tara shekara uku ko huɗu a cikin aikin, kuma ana da tabbacin cike sauran.